Sayen Keken Tsere Na Hannu: Duba Da Kyau Kafin Ka Biya

Ran 29 ga watan Mayu, 2023, aka yi shelar janye tallafin man fetur a Nijeriya. Litar da a ke saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 a biranen Arewa kafin mako ya kewayo, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama. Kuɗin mota ya bi sawu, na babur ma haka. Magidancin da ya ke da aiki a nesa da gida, ko ɗalibin da makarantarsa ta ke a ƙetaren gari, ya iske abin hawa ya shiga cin kuɗin cefane. Saboda haka mutane da yawa suka sake tunawa da keke.

Sabon keke mai kyau yana da tsada, don haka yawancinmu na hannu za mu nema. A cikin kekunan hannu da a ke kawowa daga Turai da Amurka da Japan, waɗanda 'yan kasuwa ke kira Beljiyam ko tokumbo, akwai wani iri da ke ɗaukar ido, watau keken tsere, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago. A kansa za mu yi magana a wannan wata, domin wanda ya ke son ya riƙa zuwa aiki da shi daga Litinin zuwa Jumma'a, ran Asabar kuma ya fita shan iska ko ziyarar dangi a ƙauye. Kuɗin da ka biya ranar ciniki somin taɓi ne. Keken da ya yi araha da gaske shi ne wanda ya dace da tsawonka, jikinsa lafiyayye ne, mai gyaran unguwarku kuma yana da kayansa.

Wane irin keke ne wannan?

Keken da muka tashi muka gani shi ne baƙin nan mai birkin sanda, irin su Raleigh da Hercules da Phoenix. Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham ne a Ingila, har ya taɓa samun masana'anta a Kano. Irin wannan keke jaki ne wajen ɗaukan kaya: buhun masara, itace, yaro a gaba, uwa a baya. Amma nauyinsa ya kan kai kilo 18 zuwa 20, giyarsa kuma ɗaya ce tak. Keken tsere na talaka nauyinsa wajen kilo 10 zuwa 12 ne, yana da giya da yawa, an kuma ƙera shi domin tafiya mai nisa a kan kwalta. Da ƙarfin da za ka kashe ka yi kilomita 10 a kan baƙin keke, za ka wuce haka nesa a kan keken tsere.

Amma fa ba na kowa ba ne. In hanyarka yashi ce ko burji mai duwatsu, ko kuwa kana so ka riƙa ɗauko buhu daga gona, to, ka nemi baƙin keke ko mai faffaɗar taya irin na hawan dutse. Keken tsere na wanda mafi yawan hanyarsa kwalta ce, kayansa kuma ba su wuce jakar littattafai da kwanon abinci ba.

Lissafi tun daga gida

Kafin a tafi kasuwa sai maigida da uwargida su zauna da takarda. A ce kana kashe Naira 1,000 kowace rana zuwa aiki da dawowa. Kwana 22 na aiki a wata ya zama Naira 22,000, wata 10 kuma Naira 220,000. Ka sa naka lissafin a wurin wannan, za ka ga watanni nawa keken zai yi kafin ya mai da kuɗinsa. Sa'an nan ka auna nisa. Mutum mai matsakaicin ƙarfi ya kan yi kilomita 16 a awa ɗaya ba tare da wahala ba. Tafiyar kilomita 8 ke nan minti 30 ce. Zuwa da dawowa kwana 5 ya zama minti 300 a mako, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba da shawara baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Riba biyu ke nan.

Ga doka ɗaya da mu ke so kowane mai karatu ya riƙe: kada ka zuba kuɗinka duka a kan keken. Cikin kowace Naira 100 da ka tara, ka ɓoye 25. Da wuya a sami keken hannu da ba ya bukatar sabuwar taya, ko sarƙa, ko robar birki. Ga kuma famfo, da kwaɗo, da fitila, da hular kwano. Wanda ya kashe kuɗinsa kaf a kasuwa, ya kan jingine keken a zaure ya jira albashi.

Girman keke

Keke kamar takalmi ya ke. Kome kyansa, in bai yi maka daidai ba zai ba ka ciwo. Taya da sarƙa da sirdi duk ana canzawa, girman jikin keke kuwa ba shi da magani.

Ka tsaya ba takalmi, bayanka a jikin bango, ka sa littafi tsakanin cinyoyinka ka ɗaga shi sama sosai kamar kana zaune a kan sirdi. Wani ya auna da tef ɗin tela daga saman littafin zuwa ƙasa. A ce an sami santimita 80. Ka ɗauki kashi biyu bisa uku na wannan, watau wajen 53. Girman keken da za ka nema ke nan. A tsofaffin kekunan da ƙarfensu na sama ya ke a miƙe, ana auna wannan girma daga tsakiyar inda hannuwan feda ke juyawa zuwa saman bututun da sandar sirdi ke shiga. A waɗansu kekuna an rubuta lambar a jikin bututun. Sababbin ƙira da yawa ƙarfensu na sama ya gangaro baya, su kuma haruffa a ke rubuta musu, S ƙarami, M matsakaici, L babba.

A kasuwa, ka ƙetara keken ka tsaya ƙafafunka biyu a ƙasa. Ya kamata a sami sarari kamar faɗin yatsa biyu tsakaninka da ƙarfen sama. Sa'an nan ka hau, wani ya riƙe maka, ka ɗora diddige a kan feda sa'ad da ta ke can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ka karkata ƙugu ba, sirdin ya yi daidai. Ka kama kan keken a wurin hannuwan birki. In sai ka miƙe gwiwar hannu gaba ɗaya kana rarumo su, keken ya yi maka tsawo, wuyanka da bayanka ne za su biya. In ka rasa daidai, gara wanda ya ɗan yi maka ƙanƙanta da wanda ya yi girma, gama ana iya ɗaga sirdi. Kada kuma a saya wa yaro babban keke da nufin zai girma ya iske shi. Yaron da hannunsa bai kai birki sosai ba yana cikin hatsari.

Jikin keke

Jikin keke, wanda masu gyara ke kira firam, iri uku ne: na baƙin ƙarfe, na alminiyam, da na kabon. In kana shakka, sa maganaɗisu. Ƙarfe kaɗai zai kama. Na ƙarfe ya fi nauyi kaɗan, yana kuma tsatsa, amma yana da haƙuri, in ya lanƙwashe kaɗan ana miƙe shi, in ya tsage mai walda zai iya taimako. In ka ga 'yar takarda manne a jiki mai sunan Reynolds 531, ko Columbus, ko Tange, alama ce an yi shi da bututu mai kyau. Alminiyam ba shi da nauyi, ruwa kuma ba ya cinsa kamar ƙarfe, amma in ya tsage, yawanci aikinsa ya ƙare. Kabon shi ne mafi rashin nauyi da tsada, yana kuwa iya tsagewa daga ciki ido bai gani ba, ran da ya tashi karyewa kuma ba ya sallama. Ga mai neman araha, shawararmu ƙarfe ko alminiyam.

Ka fito da keken cikin hasken rana, ka goge ƙura da tsumma. Fara da wuyan keke, inda manyan bututu biyu suka haɗu da na gaba. Shafa yatsa ta ƙarƙashinsu. In ka ji kumburi ko tamoji, ko ka ga fenti ya tsattsage a wurin, keken ya taɓa yin karo gaba da gaba. Koma gefe ka dubi fok, watau ƙarafa biyun da ke riƙe da ƙafar gaba. Samansu ya kamata ya bi layi ɗaya da wuyan keke. In sun ja baya wajen feda, karo ne. Irin wannan keke kada ka taya shi ko da wasa.

Bi dukan mahaɗai ɗaya ɗaya kana neman tsaga, ko da siririya ce kamar gashi. Tsatsar da ke sama sama ana kankarewa, amma wadda ta tayar da fenti ta yi ƙuraje, musamman a ƙarƙashin feda, ta riga ta ci ciki. Sabon fenti a kan tsohon keke abin tambaya ne, ruwa ba ya tsami banza.

Akwai gwaji ɗaya da masu saye ke mantawa. Ka roƙi mai keken ya kwance sandar sirdi ya ɗaga ta a gabanka. Sandar alminiyam da ta yi shekaru cikin bututun ƙarfe ba giris ta kan manne kamar an yi mata walda. In ta ƙi motsi, ba za ka taɓa daidaita sirdin da tsawonka ba.

Tun da aiki za ka riƙa zuwa da shi, dubi kusa da inda ƙafar baya ke ɗaurewa ko akwai ƙananan ramukan noti. Su ne wurin ɗaura kariya da murfin tare taɓo. Kekunan da aka yi domin gasa kaɗai ba su da su, mai irin wannan sai ya goya jaka a baya, ya isa ofis rigarsa ta jiƙe da gumi. Tsofaffin kekunan Faransa na shekarun 1970, irin su Peugeot, suna da daɗin hawa, amma awon waɗansu sassansu dabam ne da na sauran ƙasashe, samun madadinsu kuma ya kan ba da wahala. Ka tambayi mai gyara tukuna.

Ƙafafu da taya

Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki bayan sun biya. A gefen kowace taya akwai lambobi biyu da ɗan layi tsakaninsu, misali 28-622. Ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma girman garen da tayar ke zama a kai. Yawancin kekunan tsere 622 ne, shi a ke kira 700C. Waɗansu tsofaffi, musamman na Ingila da Amurka, 630 ne, shi a ke kira inci 27. Baƙin kekenmu mai birkin sanda kuwa 635 ne, ana kiransa inci 28. Bambancin 'yan milimita ne, amma tayar ɗaya ba ta zama a garen ɗaya. Abin da ke ƙara rikitarwa, waɗansu tayoyin 622 ma an rubuta musu inci 28. Don haka kada ka dogara ga inci, lambar nan mai uku ita ce gaskiya. Ka rubuta ta, ka je wurin mai sayar da kayan keke a garinku ka tambaya ko yana da tayar da tiyub ɗinta. In babu, keken ba naka ba ne kome arahansa.

Game da faɗi, kekunan gasa da yawa su kan zo da tayar milimita 23. A kan hanyoyinmu masu ramuka ta yi sirantaka. Sa'ad da siririyar taya ta faɗa rami, gare ya kan matse tiyub ya huda shi wuri biyu kamar saran maciji. Nemi keken da zai karɓi 28 ko 32. Dubi sararin da ya rage tsakanin taya da ƙarfe a gaba da baya, da kuma ƙarƙashin birki. Bayan an sa tayar da ka ke so, a sami aƙalla milimita 4 kowane gefe. Akwai kuma tsofaffin kekunan gasa da tayarsu ɗinkakka ce da tiyub a ciki, da gam a ke manna ta a gare. Mai facin bakin titi ba zai iya da ita ba, ka bar ta.

Dubi bawul kuma. Kekunan tsere da yawa suna da siririn bawul mai ɗan noti a kai, famfon mai faci kuwa na bawul irin na mota ne. Akwai 'yar mahaɗar tagulla da a ke murɗawa a kai domin su dace. Ka saye ta, ko ka sayi famfon da ke karɓar duka biyu.

Yanzu ɗaga ƙafa ka juya ta, idonka a kan robar birki. In gare yana matsowa yana ja da baya kaɗan, mai gyara zai daidaita shi da wayoyi. In yana tsalle sama da ƙasa, ko ka ga inda ya lotsa, ka sa kuɗin sabon gare cikin lissafi. Matsa wayoyin biyu biyu da hannu ka ji ko akwai sakakku ko tsinkakku. Ƙafa mai wayoyi 32 ko 36 ta fi mai 20 jimrewa, ta kuma fi sauƙin gyara. Shafa gefen gare inda birki ke kamawa. In ya zurma kamar cokali, birki ya cinye shi, wata rana zai iya fashewa. Daga nan kama ƙafar ka girgiza ta gefe da gefe. In tana ƙwal-ƙwal, boris sun saki ko sun cinye.

Sarƙa, giya da birki

Tsakanin kowane ƙusa biyu na sabuwar sarƙa rabin inci ne daidai. Ka tafi da rula. Sa bakinta a tsakiyar ƙusa ɗaya, ka dubi alamar inci 12. A sabuwar sarƙa wani ƙusa zai faɗa daidai kan alamar. In ya zarce da kashi ɗaya bisa 16 na inci, watau wajen milimita ɗaya da rabi, sarƙa ta isa canji. In ya zarce da milimita 3, ta riga ta cinye haƙoran baya, su ma sai an canza. Dubi haƙoran da kansu. In sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya kamar ƙugiya, sun gama aiki.

Yawan giya ba shi ne daraja ba. Keken da ke da faranti 6, 7 ko 8 a baya duk sarƙa iri ɗaya su ke amfani da ita, mai kauri ce, mai araha, tana kuma daɗewa. Mai 10 ko 11 ko 12 sarƙarsa siririya ce mai tsada, ba kowane shago ke da ita ba. Sunan da za ka fi gani a jikin kayan giya shi ne Shimano, kamfanin Japan da aka kafa a 1921. A jerin kayansa na keken tsere, Claris da Sora su ne na mai ƙaramin ƙarfi, sun kuwa isa kowane ma'aikaci. Tsofaffin kekuna suna da 'yan hannuwan canza giya guda biyu a jikin bututun ƙasa, da wuya su lalace. Na baya bayan nan an haɗa musu canjin giya cikin hannun birki. Suna da daɗi ƙwarai, amma in cikinsu ya lalace yawanci sai dai a sayi wani, kuɗinsa kuma zai iya kusan na keken. Gwada kowanne sau da yawa kafin ka biya.

Ƙasar da ka ke zaune ita za ta faɗa maka irin giyar da ka ke bukata. Ƙirga haƙoran ƙaramin farantin gaba da na babban farantin baya. Tsohon keke mai 42 a gaba da 24 a baya ya kan tafi wajen mita 3.7 a kowane zagayen feda, wannan kuwa ita ce giyarsa mafi sauƙi. Mai 34 a gaba da 32 a baya ya kan tafi wajen mita 2.3, watau hawan tudu zai zo da sauƙi sosai. Mutumin Kano ko Maiduguri, inda ƙasa ta ke shimfiɗe, na farkon ya ishe shi. Mutumin Jos ko Pankshin ya nemi na biyun, in ba haka ba zai riƙa sauka yana tura keke.

Matsa hannuwan birki da ƙarfi. Kada su taɓa kan keken. Robar birki da waya masu araha ne, kada su hana ciniki. Amma ka lura da wannan: kekunan da suka fito daga Ingila da Japan, hannun dama ne birkin gaba, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa hannun hagu ne. Ka san naka kafin ka shiga titi. Bayan haka riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya. In wuyansa yana ƙwanƙwasa, boris ɗin wurin suna son gyara. Kama hannun feda ka girgiza shi gefe da gefe, shi ma kada ya yi motsi.

Hau ka gani

Gani ya kori ji, hawa kuma ya kori gani. Kada ka yi cinikin biri a sama, ko da hoton da aka aiko maka a waya ya yi kyau. Ka bar wa mai keken ɗan'uwanka ko wani abin jingina, ka hau minti 10. Shiga kowace giya. Taka da ƙarfi a kan ɗan tudu ka ji ko sarƙa tana tsallake haƙora. A fili inda ba mota, sassauta riƙon kai ka ga ko keken yana tafiya sak. In yana jan gefe ɗaya, akwai abin da ya karkace. Kasa kunne kuma, keke mai lafiya ba shi da surutu.

In da hali ka tafi da mai gyaran da za ka riƙa kai wa aiki, ka biya shi ladan rakiya. Shi zai ga abin da ba ka gani ba, shi ne kuma ya san abin da a ke samu a kasuwa. Dillali la'adarsa ya ke nema, ba laifinsa ba ne in bai nuna maka tsaga ba.

Keken na wane ne?

Juya keken ka dubi ƙarƙashin inda hannuwan feda ke juyawa. A nan yawancin kamfanoni ke buga lambar keke. In an goge ta ko an kankare, ka mai da kuɗinka aljihu ka yi gaba. Haka kuma in farashin ya yi ƙasa fiye da hankali, ko mai sayarwa yana gaggawa, ko ya ce a haɗu da dare a bayan gari. Wanda ya sayi kayan sata yana iya rasa keken da kuɗin, ya kuma kwana wurin 'yan sanda, ban da ɓacin suna. Wani ne kuma can ya rasa abin zuwa aikinsa.

Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan mai sayarwa, da kwanan wata, da kuɗin da aka biya, da sunan keken da launinsa da lambarsa. In daga hannun mutum ka saya, a rubuta takarda, shaidu biyu su sa hannu. Ajiye ta tare da takardun gida.

Wajen ciniki, rubutaccen jerin abin da ka gani ya fi gardama amfani. Ka ce, ga taya biyu sun tsattsage, ga sarƙa ta miƙe, kuɗinsu kaza ne, a rage mini. In ya ce albarka, ka yi godiya ka tafi, kekuna ba su ƙare ba. In kuma gyaran da ka lissafa ya kai rabin kuɗin keken, gara ka ƙara kaɗan ka sayi wanda ya fi shi lafiya.

Bayan an kawo shi gida

Makon farko ka kai shi wurin mai gyara a buɗe dukan wuraren boris a wanke a sa sabon giris, a shafa kaɗan a sandar sirdi kuma. Waɗansu kekunan sun yi shekaru a ajiye kafin su iso mu, giris ɗinsu ya bushe. Siririyar taya tana rage iska da sauri, don haka a duba ta kowane mako, a bi awon da aka rubuta a gefenta. Lokacin hunturu ƙura ta kan haɗu da mai ta zama kamar dutsen wasa tana cin sarƙa. Ka ɗiga mai kaɗan, ka juya feda, ka goge saura da tsumma. Da damina a wanke taɓo a shanya keken kafin a ajiye.

Hular kwano a sayi sabuwa. Abin da ke cikinta karo ɗaya aka yi shi ya ɗauka, ta hannu kuwa ba ka san abin da ta gani ba. A sa farar fitila gaba, ja a baya. Tun 1972 hannun dama a ke bi a Nijeriya, mai keke ma haka, kada ya tari motoci gaba da gaba. Ƙafar wando ta dama a naɗe ta ko a ɗaure, babbar riga kuma a ninke ta a kariya sai an isa. In ƙafafun keken na ɗan hannu ne da a ke buɗewa ba sifana, ka tabbata ya rufu gam kafin ka hau, in za ka kulle keken kuma ka haɗa ƙafa da jikinsa da wani ƙarfe kafaffe.

Game da fitar Asabar, a fara da kaɗan. Kilomita 15 zuwa 20 sun isa makon farko, kamar a ce daga Jos zuwa Bukuru, a ƙara a hankali. A fita da sassafe a dawo kafin rana ta take, a riƙe gorar ruwa, da tiyub ɗaya, da famfo, da kayan faci. A guji gefen hanya inda tsidau da ƙayar aduwa ke zuba. A tafi mutum biyu ko uku, a bi hanyar da aka san tana da lafiya, a kuma gaya wa mutanen gida inda aka nufa da lokacin dawowa.

Muna roƙon mai karatu ya kwafi waɗannan abubuwa a 'yar takarda kafin ranar kasuwa: awon ƙafarsa, lambar taya, rula, maganaɗisu, da kuɗin da ya yi alkawari ba zai wuce ba. Allah ya ba da sa'ar ciniki, ya kuma kiyaye hanya.